CINIKI DA AMANA: Wanda ya biya sau ɗaya, sai ya sake biya?

Akwai wata gardama da ta shiga gidaje da dama a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, ta hannun yara, har wasu iyaye suka ɗauke ta shirmen ƙuruciya. Amma duk wanda ya zauna ya auna ta zai tarar gardamar manya ce, domin kuwa magana ce ta saye da sayarwa, da haƙƙin mai kaya, da haƙƙin wanda ya zaro kuɗinsa ya biya. Ɗan kasuwa da ma'aikaci kuwa, babu wanda ya kai su sanin nauyin waɗannan abubuwa.

Ga yadda maganar takan taso. A ɗauka wani magidanci ne, ma'aikacin gwamnati, ya tsuke bakin aljihunsa ya saya wa ɗansa faifan wasan bidiyo na asali, irin wanda ake sakawa a na'urar PlayStation. Ba ƙaramin kuɗi ba ne: sabon wasa daga manyan kamfanoni yakan kai yuro 70 a Turai, watau kusan jika 46 na sefa, abin da ya haura mafi ƙarancin albashin wata da doka ta yanka wa ma'aikaci a ƙasar nan. Bayan shekara biyu, zafi da ƙura da ɗaukewar wuta suka gama da na'urar. Faifan yana nan lafiya lau cikin kwalinsa, sai dai babu inda za a saka shi. Ana nan, yaron ya shiga jami'a, aka saya masa kwamfuta don karatu. Sai ya gano cewa wasan nan nasa akwai irinsa na kwamfuta, ana sayar da shi a kantin Steam da ke cikin intanet, amma sai an sake biya. Wani abokinsa kuma ya nuna masa inda ake sauke shi kyauta, bayan ƴan satar fasaha sun ɓalle masa makulli.

Yaron ya je gaban mahaifinsa ya durƙusa ya ce: «Baba, ai mun riga mun biya su. Wasan ɗaya ne, waɗanda suka yi shi su ne dai, ga faifan nan shaida. In na sauke wancan, wa na cuta?»

Mahaifin, wanda ya horar da ƴaƴansa kada su taɓa ko allurar maƙwabci, ya rasa amsar da zai bayar nan take. Ba shi kaɗai tambayar ta ɗaure wa kai ba. Ta daɗe tana raba kan lauyoyi da alƙalai da masu kamfanoni a Amurka da Turai da Japan, inda ake ƙera waɗannan wasanni.

Hujjar yaron

Bai kamata a yi saurin ture maganar yaron ba, don tana da ƙafafun tsayawa. Da farko, kwafi ba kamar buhun gero yake ba. In aka ɗauke buhu daga sito, mai sito ya wayi gari da giɓin buhu ɗaya; in aka kwafi wasa, na asalin yana nan inda yake, ko kusurwarsa ba ta ragu ba. Na biyu, yaron ba irin wanda bai taɓa biyan ko dala ba ne. Kuɗin gidansu ya shiga aljihun masu wasan, kuma shi ne abin da dokar haƙƙin mallaka take nema tun asali: wanda ya yi wahala ya ci guminsa.

Wannan ra'ayi yana da manyan magoya baya. A shekarar 2010, Randy Cohen, wanda a lokacin yake amsa tambayoyin ɗa'a a mujallar jaridar New York Times, ya samu tambaya daga wani mutum da ya sayi littafin marubuci Stephen King na takarda, sannan ya sauke na sata daga intanet don ya karanta a hanyar tafiya, saboda masu buga littafin sun jinkirta fitar da na na'ura. Cohen ya amsa cewa abin ya saɓa wa doka, amma bai saɓa wa ɗa'a ba, tun da marubuci da mai bugawa sun riga sun karɓi haƙƙinsu. Masu buga littattafai suka yi masa ca, amma masu karatu da yawa suka ce gaskiya ya faɗa.

Bugu da ƙari, kamfanonin da kansu sun nuna cewa biya ɗaya yana iya isa. Tun 2016 kamfanin Microsoft ya fito da tsarin Xbox Play Anywhere, inda wanda ya sayi wasu wasanni a kantinsa na intanet yake iya buga su a na'urar Xbox da kuma kwamfuta ba tare da ƙarin ko tamma ba. In wani ya iya, in ji masu wannan ra'ayi, to wanda bai yi ba kwaɗayi ne ya hana shi.

Hujja mafi zafi kuwa ita ce halin da wasu kamfanoni suka nuna wa masu sayen kayansu. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da wasan tseren motoci mai suna The Crew a 2014, wasan da ba ya tashi sai ya haɗu da manyan na'urorin kamfanin ta intanet. A ƙarshen watan Maris 2024 kamfanin ya kashe na'urorin, wasan ya mutu a hannun kowa, har da masu faifai, daga baya kuma aka zare shi daga asusun waɗanda suka saya. Abin ya harzuƙa jama'a har aka kafa gangamin Stop Killing Games, wanda a 2025 ya tara sa hannun mutane fiye da miliyan ɗaya a ƙasashen Tarayyar Turai. A wannan zamani ne wata magana ta bazu a bakin matasa, mai cewa in saye bai zama mallaka ba, to kwafi ma bai zama sata ba. Bahaushe ya riga su faɗa da nasa harshen: in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Me aka saya tun farko?

Kowane manomi a ƙasar Hausa ya san bambancin gonar saye, da ta aro, da ta jingina, da ta haya. Duka huɗun ana shiga a yi shuka a yi girbi, wanda ya wuce ta bakin hanya ba zai bambance su ba. Ranar da rigima ta tashi ne ake sanin wace ce wace. Haka cinikin wasan bidiyo yake. Mai saye yana ganin gona ya saya, alhali takardar da ya amince da ita, wadda ba kowa ke karantawa ba, cewa ta yi izinin amfani aka ba shi, watau lasisi, a kan na'ura iri kaza, bisa sharuɗɗa kaza. Faifan roba nasa ne, yana iya sayar da shi ko ya bayar kyauta; abin da ke rubuce a ciki yana nan na kamfani.

Kotuna sun sha tabbatar da haka. A Faransa, ƙungiyar kare masu saye ta UFC-Que Choisir ta kai kamfanin Valve, mai kantin Steam, ƙara, tana neman a bar mutane su sake sayar da wasannin da suka saya ta intanet kamar yadda ake sayar da tsohon faifai. Ta yi nasara a kotun farko a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta rushe hukuncin a 2022, kotun ƙoli kuma ta tsaya a kan rushewar a 2024. A jihar Kalifoniya ta Amurka, a shekarar 2024 ɗin dai, aka sa hannu a kan dokar da ta hana kantunan intanet amfani da kalmar «saya» sai sun bayyana wa mutum cewa lasisi ne yake karɓa. A cikin watan Oktoba na wannan shekara kantin Steam ya fara rubuta gargaɗin a wurin biyan kuɗi.

An ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gaskiya ne, amma da sharaɗin an ce masa rariya ce. Wanda aka miƙa wa rariya da sunan ƙwarya, an zalunce shi, kuma shekaru da yawa haka kantunan nan suka yi ta yi. Sai dai wannan zalunci, in ya tabbata, yana ba mutum damar ƙorafi a kan abin da aka sayar masa ne kawai. Yaron da ake magana a kansa an sayar masa da wasan PlayStation, ya kuma same shi cif, ya buga shi shekara biyu. Babu wanda ya yi masa alkawarin na kwamfuta.

Abin da doka da malamai suka ce

Ta fuskar doka maganar ba ta da tsawo. Nijar tana cikin ƙasashen da suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda ta kafa hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde, kuma tana da dokarta ta haƙƙin mallaka tun 1993, wadda aka sabunta a 2010, da ofishin BNDA mai kula da haƙƙin mawallafa da mawaƙa. A wannan tsari, kamar a dokar Faransa, manhajar kwamfuta ba ta shiga cikin sassaucin da aka yi wa mai kwafin waƙa ko littafi don amfanin kansa ba. Abin da aka yarje wa wanda ya mallaki manhaja ta halal shi ne ya yi kwafin ajiya daga tasa, don gudun ɓacewa ko lalacewa. Ɗauko kwafin wani daga hannun wani ba ya cikin wannan rangwame.

Akwai kuma maganar makulli. Dokar Amurka ta 1998 da ta Faransa ta 2006 sun haramta karya makullin da kamfani ya sa wa kayansa. Da wannan sanda kamfanin Nintendo na Japan ya doki masu manhajar Yuzu, wadda take sa kwamfuta ta kwaikwayi na'urar Switch. Masu Yuzu sun daɗe suna cewa don masu wasannin halal suka yi ta, kowa ya juye nasa da hannunsa. Nintendo ya kai ƙara a watan Fabrairu 2024, yana cewa an sauke wasansa na Zelda na 2023 fiye da sau miliyan ɗaya tun kafin ranar fitowarsa. Wasan da bai shiga kasuwa ba kuwa, ba mai cewa ya riga ya saya ya juye nasa. Cikin ƴan kwanaki masu Yuzu suka yarda su biya dalar Amurka miliyan 2.4, suka rufe.

Ta fuskar addini ma an yi magana. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar da aka yi a Kuwait cikin watan Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a yi mata ta'adi. Akwai malaman da suka sassauta wa mai kwafi don amfanin kansa, musamman in ilimi ne kuma ba shi da halin saye, amma wasa ba ya cikin abubuwan da rashinsu ke jefa mutum cikin lalura. Kuma sananne ne a wurin malamai cewa sharaɗin da mutum ya amince da shi a ciniki yana hawa kansa, matuƙar bai halatta haram ba.

To amma doka ba ta ƙare maganar ba, don ba duk abin da doka ta hana ne yake da nauyi ɗaya a ma'aunin mutunci ba. Tambayar yaron tana nan: wa ya cuta?

Gumin da ba a gani

Amsar tana ɓoye a cikin kalmar da ya faɗa, cewa wasan ɗaya ne. A ido ɗaya ne, a wurin aiki biyu ne. Kowace na'ura da irin ƙirarta da irin harshen da take ji, kuma mayar da wasa daga wannan zuwa waccan aiki ne na watanni, wani lokaci na shekara, wanda sau da yawa wani kamfani dabam ake ɗauka ya yi. Wasan The Witcher 3 na kamfanin CD Projekt na ƙasar Polan ya fito a 2015; kafin ya shiga ƙaramar na'urar Switch a 2019, sai da ma'aikatan kamfanin Saber Interactive suka yi kimanin shekara guda suna matse shi. Kamfanin Sony kuwa, a 2021, sayen kamfanin Nixxes na ƙasar Holan ya yi ɗungurungum, wanda ya yi suna wajen mayar da wasanni zuwa kwamfuta. Albashin waɗannan mutane daga cinikin na biyun yake fitowa. In ciniki ya yi kyau a ba su wani aikin, in bai yi ba a ce masu kwamfuta ba sa saye, a rufe ƙofar.

Wanda ya kai shadda wurin tela aka ɗinka masa babbar riga, in ya dawo yana son a warware ta a mayar da ita kaftani, ba zai ce ya riga ya biya kuɗin shadda ba. Shaddar tasa ce, amma ɗinki na biyu da ladansa. Littafin da Randy Cohen ya yi magana a kansa bai buƙaci irin wannan ɗinki ba, don kalmomin da ke takarda su ne a na'ura; shi ya sa fatawarsa, ko an karɓe ta a littafi, ba ta zauna daidai a kan wasa ba.

Ita ma hujjar cewa kwafi ba ya rage komai, in aka kai ta tasha sai ta yi rauni. Matafiyin da ya yanki tikitin Yamai zuwa Maraɗi a wani kamfanin bas, ya yi tafiyarsa lafiya, ba zai zo bayan wata guda ya hau motar wani kamfanin ya zauna a kujerar da babu kowa ya ce hanyar ɗaya ce kuma ya taɓa biya ba. Gaskiya ne kujerar a banza za ta tafi, man da motar za ta sha ma bai ƙaru ba. Duk da haka kowa ya san in fasinjoji suka ɗauki wannan ɗabi'a, wata rana babu motar da za ta tashi. Kantunan ma haka suke: galibinsu suna cire kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin kowane wasa, kuma abin da aka biya a kantin Sony bai taɓa leƙa aljihun mai kantin Steam ba.

Hali uku da bai kamata a cakuɗa ba

Daga nan za a ga cewa abin da ake kira da suna ɗaya, hali uku ne mabambanta.

Na farko, mutumin da ya juye abin da ya saya da hannunsa, daga faifansa, don ya adana shi ko ya ci gaba da amfani da shi bayan na'urarsa ta tsufa, bai kuma ba kowa ba. Ko da dokar wata ƙasa ta yi masa tarnaƙi saboda makulli, da wuya mai adalci ya kira shi ɓarawo. Dukiyarsa yake tsarewa.

Na biyu, mutumin da mai kaya ya rufe wa ƙofa: ko dai an ƙwace abin da ya biya, kamar masu The Crew, ko kuwa an daina sayar da wasan kwata-kwata. Wannan ba ƙaramin fage ba ne. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. A watan Maris na wannan shekara Nintendo ya rufe kantunan na'urorinsa na 3DS da Wii U. Mutanen ƙasar nan ma sun ɗanɗani irin wannan rufe ƙofa: a watan Mayu 2024, sanadiyyar rigimar wasan Helldivers 2 na Sony, aka daina sayar da shi a Steam ga ƙasashe da yankuna fiye da 170 da ba su da rajistar PlayStation, galibin Afirka har da Nijar, sai a watan Yuni 2025 aka ɗage takunkumin a mafi yawansu. Mai kayan da ya ƙi karɓar kuɗin mutum, bakinsa ya yi nauyi wajen kukan an hana shi ciniki. A nan, in akwai laifi, kaso mafi girma nasa ne.

Na uku shi ne halin yaron nan. Abin da aka sayar masa ya same shi, ba wanda ya ƙwace. Na kwamfutan yana kan kanta, da farashinsa a rubuce, ma'aikatan da suka yi shi suna jiran ciniki. Abin da ya rage masa hujja shi ne son sauƙi da ƙyashin biya. Laifinsa bai kai na wanda bai taɓa biya ba, wannan gaskiya ne, kuma adalci ne a faɗa. Amma ƙaramin bashi ma bashi ne. Rasit ɗin da ke hannunsa shaida ce ta abin da ya saya, ba mabuɗin sito ba ce da zai riƙa buɗewa yana ɗiba duk lokacin da ya sauya na'ura.

Ta wane hannu kayan ya zo?

Akwai kuma abin da masu wannan gardama sukan tsallake, watau hanyar da kwafin yake bi kafin ya iso. Wanda ya sauke wasan sata ba daga faifansa ya ɗauko ba, daga hannun waɗanda suka karya makulli ya karɓa, su kuwa ba su tambayar kowa rasit. Yawancin irin wannan saukewa ana yin ta ne ta tsarin da kowane mai karɓa yake zama mai bayarwa a lokaci guda: yayin da wasan yake shigowa kwamfutar yaron, gutsattsarinsa suna fita zuwa ga wasu mutane a wasu ƙasashe, waɗanda ba su taɓa biyan komai ba. Ko da an yafe masa nasa, wa ya ba shi izinin rabawa?

Sannan banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai raba kayan sata kyauta yana da inda yake fanshewa. A 2021 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya bayyana wata muguwar manhaja da ya sa wa suna Crackonosh, wadda aka ɓoye cikin wasannin sata irin su Grand Theft Auto V da wasan ƙwallo na Pro Evolution Soccer 2018. Ta shiga kwamfuta fiye da 220,000, tana kashe masu gadin na'ura, tana sa ta haƙo wa ɓarayin kuɗin intanet ba da sanin mai ita ba. Wannan gargaɗi ne na musamman ga ma'aikacin da yake zuwa gida da kwamfutar ofis ya bar ta a hannun yara, da ɗan kasuwar da lissafin shagonsa da lambobin asusunsa suke cikin na'ura ɗaya da wasannin ɗansa. Garin tsimin jika ashirin ana iya asarar abin da ya fi miliyan, ko a tona asirin takardun da aka ba mutum amana.

Ga ƴan kasuwa da masu kamfani

Wanda wannan rangwame bai shafa ba ko kaɗan shi ne mai cika wa mutane na'ura da wasannin kwafi yana karɓar kuɗi. Ko da ya sayi na asali guda ɗaya, sau ɗaya ya biya, sau ɗari yake sayarwa. Jama'ar ƙasar nan sun ga abin da irin wannan sana'a ta yi wa mawaƙa a zamanin kaset, da abin da ta yi wa masu shirya finafinan Hausa a zamanin faifai: waƙa ta cika gari, mai ita yana neman kuɗin cefane. Ɗan kasuwar da zai yi fushi in aka buga tambarin shagonsa a kan jabun kaya, ya kamata ya gane zafin a jikin wani, ko da wanin yana Tokiyo ko Warso.

Su ma kamfanonin akwai nasu kason. Gabe Newell, shugaban Valve, ya faɗa tun 2011 cewa matsalar satar fasaha galibi ta rashin kyakkyawar hidima ce, ba ta farashi ba. Mai son a girmama haƙƙinsa sai ya kira haya da sunanta, ya buɗe kantinsa ga ƙasashen da ya manta da su, ya karɓi irin hanyoyin biyan kuɗin da mutanensu suke da su, ya rangwanta wa wanda ya taɓa saye, kuma in zai rufe shago ya bar wa mutane abin da suka biya a hannunsu. Matsin lambar jama'a yana aiki: bayan hayaniyar 2024, Ubisoft ya sa wa The Crew 2 hanyar bugawa ba tare da intanet ba a 2025. Ƙorafi a fili da kai ƙara ne suka jawo wannan, ba saukewa a ɓoye ba.

Saura mahaifin da aka bari da tambaya. Hanyoyin halal ba su ƙare masa ba. Faifan yana da daraja, ana iya sayar da shi a haɗa da ɗan ƙari. Ana iya kai na'urar wurin mai gyara, ko a nemi ta hannu. Kantin Steam yakan karya farashi sau da yawa a shekara, musamman tsakiyar shekara da ƙarshenta, inda tsohon wasa yakan faɗo zuwa rabin kuɗinsa ko ƙasa da haka. Mai haƙuri yakan same shi da araha. In duk ba su samu ba, rashin wasa bai taɓa kwantar da kowa asibiti ba.

Abin da ya fi wasan muhimmanci shi ne darasin da yaron zai tashi da shi daga gaban mahaifinsa. Gobe shi ne zai zauna a ofishin duwan, ko a baitulmali, ko a shagon gidansu, inda kullum za a riƙa kawo masa irin wannan hujja cikin sabuwar riga: ai an riga an biya sau ɗaya, ai ba wanda zai rasa komai, ai su ma manyan cuta suke yi. Uban da ya ce masa: «Ɗana, abin da muka saya namu ne, ko a gaban wa za mu tsaya a kansa, abin da ba mu saya ba kuwa, sai mu biya ko mu haƙura», ya ba shi abin da zai yi masa amfani bayan an manta da sunan wasan.

Allah ya sa a gama da duniya da hannu mai tsabta.